Tambaya da Amsa: Koren Dutsen Ƙanƙara Mai Zane a Ciki

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan wata daga Legas suka fito, kuma kusan duk a kan dutse ɗaya suka taru: koren dutsen nan mai zane a ciki da ake yawo da shi tsakanin masu carbi, maƙera da dillalai. Ga waɗanda muka zaɓa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da carbi da zobba a Agege. Wani dillali ya kawo mini korayen duwatsu kusan rabin kilo. Waɗansu garau suke kamar ruwa, da wani abu kamar gansakuka a ciki, waɗansu kuma suna ƙyalli idan an juya su. Ya ce zumurrudu ne irin wanda ba a cika samu ba, har ya karci kwalba da ɗaya a gabana, ta kartu. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka biya kuɗin zumurrudu a kan shaidar kwalba. Ana auna taurin duwatsu da wani ma'auni mai hawa 10 da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara. A kansa kwalba tana wajen 5 da rabi, dutsen ƙanƙara, wanda 'yan kasuwa ke ce wa kwaz, yana kan 7, zumurrudu 7 da rabi zuwa 8, daimon kuma 10. Ke nan ko farar tsakuwar da yaro ya tsinta a bakin rafi za ta karci kwalba. Abin da dillalin ya nuna maka shi ne dutsen ba kwalba ba ne, bai nuna komai bayan wannan ba.

Siffar da ka bayar ta dangin ƙanƙara ce. Shi kwaz tsantsa ba shi da launi, silikon ne da oksijin kawai. Saboda haka idan ka gan shi kore, tambayar farko ita ce: ina koren yake zaune? A jikin dutsen yake gaba ɗaya, ko wani baƙon ma'adini ne ya maƙale a ciki, ko kuwa a cikin tsagu kawai ya kwanta? Da lensi mai ƙara girma sau 10 da tocila za ka amsa wannan, kuma amsar ce take ba dutse sunansa.

Garau ɗin nan mai gansakuka a ciki, jikinsa fari ne, koren na wani ma'adini ne mai laushi da ake kira kulorait. Yayin da ƙanƙarar take girma a cikin kogon dutse, sai kulorait ya zubo ya rufe kanta, daga baya ta ci gaba da girma ta binne shi. Shi ya sa wani lokaci za ka ga siffar ƙaramin dutse mai tsini, kore, a cikin babban, kamar inuwarsa. Wani kuma kamar gona ko ƙasan tafki. Jihar Minas Gerais ta Birazil ce ta fi fitar da irin wannan. Idan zaren ya miƙe sambal kamar allurai ko gashin goga, galibi aktinolait ne.

Idan kuma dutsen bai yi garau ba, ya yi kamar kakin zuma ko ruwan koko, sannan ga rassa kore kamar ciyawar ruwa, wannan aƙiƙ ne mai gansakuka, ɗan gidan su dutsen tsakiya da iyayenmu mata suka sani. Indiya ce babbar mahaifarsa. Ba tsiro ba ne ya shiga ciki, ko da yake ido zai rantse haka ne. Baƙaƙen rassan manganis ne, korayen kuma ma'adinai masu sinadarin ƙarfe.

Masu ƙyallin kuwa abenturin ne. Dunƙulen ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara ne da suka manne da juna, a tsakaninsu akwai ɓarɓashin maika, wani ma'adini mai sheƙi da ke ɓarewa falle-falle, irin mai sinadarin kuromiyam da ake kira fuksait. Ita ce ke ba da koren, ita ce kuma ke walƙiya idan haske ya daki fuskarta. Daga kudancin Indiya ake kwaso shi da yawa, kuma ana yin koren carbin dutse da shi.

Idan duwatsun ba a yanka su ba, siffarsu ma tana magana. Ƙanƙara da zumurrudu duk gefe shida gare su, amma ita ƙanƙara tana ƙarewa da tsini, kuma siraran layukan da ke fuskarta a gicciye suke. Zumurrudu kansa a shafe yake kamar an datse fensir, idan da layuka kuma bin tsawonsa suke yi. Koren tomalin, wani dutsen ado na daban, irin na Oyo da Nasarawa, layukansa masu zurfi ne a tsaye, kuma idan ka kalle shi ta kai za ka ga kusurwa uku masu ɗan kumburi. Nijeriya tana da zumurrudunta na gaske a wajejen Gwantu a jihar Kaduna da Nasarawa Eggon, shi ya sa maganar dillali take shiga kunne. Amma kama da wane ba ta wane. Kayan suna da kyau, suna kuma da masu saye, ka saya a kuɗin ƙanƙara, ka sayar da sunansu.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Idi-Araba, ina taya yayana harkar duwatsu. Ba mu da na'urar gwaji. Akwai abin da za mu iya yi a shago wanda ya wuce kallo da ido?

Amsa: Akwai, ɗan'uwa, kuma mafi amfani shi ne awon ruwa. Kowane dutse yana da nauyinsa idan aka gwada shi da ruwa mai girmansa. Kwaz ya ninka ruwa sau 2.65, kuma wannan lamba ba ta cika motsi ba.

Ka nemi ƙaramin sikelin masu zinari mai nuna giram har 0.01, da kofin roba mara nauyi, da siririn zare. Ka kashe fanka, ka ɗora sikelin a kan tebur da ba ya rawa. Auna dutsen a bushe, ka rubuta. Sai ka zuba ruwa a kofin, ka ɗora shi a kan sikelin, ka danna ya koma sifili. Ɗaure dutsen da zaren, ka riƙe shi ka saukar cikin ruwan har ya nutse gaba ɗaya, amma kada ya taɓa gindin kofin ko gefensa. Lambar da sikelin ya nuna yanzu ita ce nauyin ruwan da dutsen ya ture. Raba lambar farko da ta biyu. Misali, dutse ya ba da giram 10.60 a bushe, a ruwa kuma sikeli ya nuna 4.00: sakamakon 2.65 ne, ƙanƙara ke nan.

Ga abin da za ka gwada da shi. Aƙiƙ da danginsa suna tsakanin 2.58 da 2.64, abenturin 2.64 zuwa 2.69. Kwalbar yau da kullum tana wajen 2.5. Tomalin yana wajen 3.06, koren fulorait 3.18, jed na ƙasar Bama (Myanmar) wajen 3.34, malakait kuma kusan 4, da ka ɗauka ma hannu zai gaya maka. Amazonait, koren nan mai fararen layuka kamar saƙa, yana wajen 2.56.

Inda ake tafka kuskure shi ne tsakanin ƙanƙara da zumurrudu, domin shi yana farawa daga wajen 2.67 zuwa 2.78, tazarar kaɗan ce. A misalin da muka bayar, da sikeli ya nuna 3.90 maimakon 4.00, lissafi zai ba ka 2.72, ka ɗauka ka yi tsintuwa. A dutse mai giram 1 abin ya fi muni: 0.38 zai ba da 2.63, 0.37 kuma 2.70. Don haka kada ka dogara da wannan awo a dutsen da bai kai giram 3 ba, kuma ka maimaita sau uku. Kumfar iska da ke maƙalewa a jikin dutse ko cikin hudar ƙwayar carbi tana ƙara lambar ruwa, sai dutsen ya fito kamar ya fi sauƙi. Ɗigo ɗaya na sabulun ruwa a kofin yana korar kumfar. Dutsen da ke kan zobe ko wanda uwar dutse ke manne da shi ba ya awuwa ta wannan hanya ko kaɗan.

Gwaji na biyu na haske ne, kuma yana kama kwalba da kyau. Buɗe farin shafi a allon kwamfutar tafi-da-gidanka. Ka samo tabarau na rana irin mai tace haske, wanda direbobi da masunta ke sawa don kashe ƙyallin ruwa. Kalli allon ta cikinsa, kana juya tabarau ɗin har allon ya yi baƙi. Riƙe shi haka, ka sa dutsen tsakanin allo da tabarau, ka riƙa juya shi a hankali. Garau ɗin kwaz zai yi haske ya yi duhu sau huɗu a zagaye ɗaya. Ka gwada ta fuska biyu ko uku, domin akwai fuska ɗaya da ba ya yin haka. Aƙiƙ da abenturin za su zauna da haske duk yadda ka juya su. Kwalba za ta zauna da duhu, ko ka ga baƙaƙen layuka suna murɗawa a ciki kamar maciji. Idan allon bai yi baƙi ba tun farko, to tabarau ɗin ko allon ba irinsu ba ne, ka sake wani. Wannan gwaji ba ya raba ƙanƙara da zumurrudu, dukansu ƙiftawa suke yi. Mai raba su ita ce na'urar auna karyewar haske: kwaz yana ba da 1.544 zuwa 1.553, zumurrudu wajen 1.57 zuwa 1.60. Idan cinikin mai nauyi ne, kuɗin kai dutse wurin mai wannan na'ura bai kai asarar da ake gudu ba.

Kada ka manta da lensi. Kumfa mai zagaye tas, ko layuka kamar an dama zuma, alamar kwalba ce. Akwai ma kwalba mai ƙyalli da aka fara yi a Benis ta Italiya, wadda daga gare ta dutsen abenturin ya samo sunansa. Ƙyallinta ya fi na dutse ƙarfi, ɗigoginta kusan girmansu ɗaya, sun bazu daidai wa daida. A dutse na gaske ɓarɓashin ba shi da tsari, wani wuri cunkus, wani wuri fayau.

Tambaya: Na sayi sarƙar koren dutse a kasuwar kayan gargajiya ta Lekki. Bayan na sa ta sau uku sai na ga kore a wuyan farar rigata, ƙwayoyin kuma sun fara kodewa. Jabu aka sayar mini?

Amsa: Hajiya, mai yiwuwa dutsen na gaske ne, launin ne na rini. Launin da Allah ya halicci dutse da shi ba ya zuba a tufafi. Abin da ake yi shi ne a gasa farar ƙanƙara mai araha, a tsoma ta da zafinta cikin ruwan rini mai sanyi. Sai ta tsattsage ta ciki, rinin ya bi tsagun ya zauna. Daga nesa kore ne mai zane kamar saƙar gizo-gizo, har wasu kan ce ai irin tsagun zumurrudu ne. Ɗaga ƙwaya ɗaya ki haska ta da tocila ta baya: za ki ga koren ya taru a layukan tsagu, tsakaninsu kuma fari tas. Ki leƙa bakin hudar da zare ya bi, nan rini ya fi taruwa. Haka ake rina farin dutsen da ƙwayoyinsa suka yi kamar sukari, launin ya kewaye kowace ƙwaya kamar raga.

Don tabbatarwa, ki jiƙa auduga da ruwan goge jan farce, irin mai asiton, ki goga a ƙwayar da ke bayan wuya na daƙiƙa 20. Idan audugar ta yi kore, magana ta ƙare. Sai dai idan ba ta yi ba, wannan bai wanke dutsen ba. Aƙiƙ yana shan ruwa ta ƙananan ƙofofin jikinsa, kuma tun ƙarni na 19 masu sana'a a garin Idar-Oberstein na Jamus suka ƙware wajen jiƙa shi da gishirin kuromiyam su gasa, launin ya zauna daram. Irin wannan ba ya zuba, ba ya kodewa, kuma ba laifi ba ne a sa shi matuƙar an faɗi gaskiyarsa. Alamar da ke tona shi ita ce koren ya yi kauri ɗaya a duk ƙwayoyin sarƙar, kamar daga tukunya ɗaya aka tsamo su.

Naki rini ne mara kama jiki, gumi da turare da zafin Ikko kuwa sun isa su fitar da shi. Ba ya gyaruwa. Ki wanke da ruwa da sabulu har ya daina zuba, ki riƙa sa turare ya bushe kafin ki ɗaura ta, ko ki mayar wa mai kayan. Da yawa daga cikin masu rumfunan nan su ma haka aka sara musu, ba su sani ba, don haka ki je da audugar ki nuna masa.

Tambaya: Ni maƙerin fari ne a Idumota. An kawo mini zoben azurfa mai dutse garau, kore-kore mara kauri, in rage masa faɗi. Na naɗe dutsen da jiƙaƙƙiyar auduga na yi walda. Da na gama, koren ya gudu, ga kuma tsaga a ciki. Mai zoben ta ce koren amatis ne. Me ya faru?

Amsa: Allah ya mayar da alheri, Malam. Dutsen da aka kawo maka sunansa firasiyolait, wato kwaz garau wanda koren yake a jikinsa, ba baƙon ma'adini ba. Wanda ya fito daga ƙasa da wannan launi kaɗan ne ƙwarai, an san shi a yankin Silesiya na ƙasar Folan da wurare ƙalilan. Kusan duk na kasuwa hannu ne ya mai da shi kore, ta hanya biyu. Ta farko, a gasa amatis, wato kwaz mai launin shunayya, a zafin wajen digiri 500. Yawancin amatis rawaya yake komawa idan an gasa shi, na wasu ramuka ne kawai, kamar na Montezuma a Minas Gerais, yake komawa kore. Ta biyu, a haska wata irin farar ƙanƙara ta kudancin Birazil da hasken gama, wani haske mai ratsa jiki da ido ba ya gani. Wannan na biyun ba ya cutar da mai sawa, amma launinsa ba ya jure zafi, ko rana mai ƙarfi idan ta daɗe tana dukansa takan kodar da shi. Sunan koren amatis kuwa na talla ne, domin amatis shunayya ne. Hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ma ta bayyana a ƙa'idojinta na 2018 cewa kiran sa haka yaudara ce.

Laifin wuta biyu ne a nan. Azurfa ta fi kowane ƙarfe saurin kai zafi, dalmar waldarta kuma sai ta haura digiri 600 take narkewa. Kafin gindin zoben ya kama, zafi ya riga ya zagaya ya isa dutsen, audugar ta bushe ko ta koma tururi. Wannan ya kori launin. Tsagar kuma daga saɓanin zafi ce: gefen da ke manne da ƙarfe ya buɗe, gefen da ke cikin ruwa bai buɗe ba. Ko ba ruwa, kwaz yana sauya tsarin cikinsa farat ɗaya a digiri 573, ya ɗan kumbura, kuma nan yake fashewa. Idan ka tsoma zoben a ruwa da zafinsa kamar yadda aka saba, wannan kaɗai ya isa.

Dokar ita ce a cire dutsen kafin wuta ta taɓa zoben azurfa, a gama walda da wanki da gogewa, sannan a mayar. Mai gansakuka ko inuwa a ciki ya fi garau ɗin saurin fashewa, saboda baƙon ma'adinin da ƙanƙarar ba sa buɗewa tare, wani ma da ɗigon ruwa a kulle a cikinsa. Haka kirisofires, koren aƙiƙ mai launin ɗanyen tuffa wanda nikel ke ba shi launi, irin na Marlborough a Ostireliya da Haneti a Tanzaniya. Shi zafi kaɗan yake busar da shi ya yi fari-fari, kada ma a bar shi a gilashin shago inda rana ko ƙwan fitila mai zafi ke dukansa. Launin da ya gudu daga zoben nan ba ya dawowa a maƙera. Abin sauƙin shi ne firasiyolait ba shi da tsada, za ka sami madadinsa. Ka auna faɗinsa da milimita kafin ka tafi nema, ka kuma gaya wa mai zoben cewa an sauya.

Tambaya: Wani ya nuna mini ƙaramin gilashi da ake kallon dutse ta cikinsa, ya ce duk koren da ya koma ja zumurrudu ne. Haka ne?

Amsa: Ba haka ba ne. Gilashin Chelsea ke nan, an ƙirƙiro shi a Landan a 1934. Kuromiyam yake nunawa galibi, ba sunan dutse ba. Abenturin yakan yi ja-ja a ƙarƙashinsa, haka koren aƙiƙ mai kuromiyam na Zimbabuwe da ake kira mtorolait, haka kwaz ɗin da aka haska da gama. Akwai kuma zumurrudu na gaske mai yawan sinadarin ƙarfe da ba ya yin ja. Inda ya fi amfani a dangin ƙanƙara shi ne raba kirisofires, wanda ke zama kore, da mtorolait mai komawa ja. A yi amfani da fitila mai rawayan haske, farar tocilar waya ba ta ba da amsa mai kyau.

Tambaya: Na fara koyon yanka da goge duwatsu a wajen Alaba Rago. Abenturin yana ba ni wahala: duk yadda na goge sai fuskar ta yi ƙananan ramuka kamar bawon lemo, ƙyallin ma ba ya fitowa. Kuma ƙura tana sa ni tari.

Amsa: Za mu fara da tarin, domin shi ne mai kisa. Ƙurar ƙanƙara idan ta shiga huhu ba ta fita. Tana sa huhu ya yi tabo ya ƙandare, cutar ba ta da magani, tana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Kada ka sake yanka ko goge dutse a bushe. Ruwa ya riƙa ɗiga a kan faifan koyaushe, ka kwashe taɓon tun yana jiƙe, kada ka bari ya bushe ka share da tsintsiya. Ƙyallen rufe hanci na yau da kullum ba ya tare wannan ƙura, ka nemi takunkumi mai lamba N95 ko wanda ya fi shi, ya kama fuska sosai. Tunda tari ya riga ya fara, ka je asibiti ka gaya wa likita irin aikin da kake yi. Kada ka jinkirta, don Allah.

Ramukan kuma daga bambancin tauri suke. Ƙwayar ƙanƙara tana kan 7, maikar da ke tsakaninta ba ta wuce 2 da rabi zuwa 3 ba. Idan abin gogewar yana da laushi, ko ka danna da ƙarfi, sai ya kwashe maikar ya bar ƙanƙarar a tsaye. Ka fitar da siffa da faifan daimon mai lamba 100, ka daidaita da 220 ko 280, sannan 600, 1200, 3000. Kada ka tsallake ko ɗaya. Kafin ka wuce kowane mataki, ka wanke dutsen da hannunka, ka busar da shi, ka duba da lensi, domin ruwa yana ɓoye karce. Yawancin matsalar a 280 da 600 ake barinta, a zo ana neman ta a wurin sheƙi. Ƙwayar yashi ɗaya daga faifan baya ta isa ta ɓata aikin awa guda. A ƙarshe ka yi sheƙi da garin siriyam, wato hodar goge dutse, a kan fata mai tauri ko matsattsen bargo, da ɗan danshi, hannu sako-sako, kana ɗagawa akai-akai kada dutsen ya ɗau zafi.

Rashin ƙyalli kuwa daga yanka ne. Ɓarɓashin maika a kwance suke fuska ɗaya, kamar ganyen da aka jera. Jiƙa ɗanyen dutsen, ka juya shi a ƙarƙashin fitila ɗaya har ka ga fuskar da ta fi walƙiya, ka yi mata alama, ita ce za ta zama saman dutsen. Idan ka yanka a gicciye, gefen ɓarɓashin kawai za a gani, koren ya yi duhu, ƙyalli ya mutu.

Ga mai inuwa ko gansakuka, kada ka yi gaggawar sa zarto. Goge 'yar taga a gefe ɗaya, ko ka shafa masa man jarirai, ka leƙa ka ga inda zanen yake. Ana barin zanen a ƙasa, garau ɗin ya yi tudu kamar kubba a samansa, sai ya yi aikin lensi ya ƙara wa zanen girma. Idan zarto ya ratsa ta cikin kulorait ya fito fili, wurin ba ya ɗaukar sheƙi, marmashewa yake yi.

Tambaya: Ina da buhu biyu na ɗanyen kwaz mai kore a ciki da aka kawo mini Mile 12 daga Arewa. Jar ƙasa da tsatsa sun rufe shi. Yaya zan wanke, kuma wane ne a ciki yake da kuɗi? An ce Turawa suna saye don magani.

Amsa: Maganar magani ka ajiye ta, Alhaji. Akwai masu saye da wannan imani, amma dutse a aljihu ba ya sauke hawan jini, kuma bai dace a sayar wa mara lafiya da wannan alkawari ba. Abin da ke sa kuɗi a irin wannan kaya shi ne jikin ya yi garau, zanen ya fito sarai ya kuma tsaya a tsakiya, babu tsaga, tsinin bai karye ba. Ɗaya mai cikakkiyar inuwa kore ya fi ɗari masu hazo. Saboda haka kada ka sayar da buhu a dunƙule kafin ka tsince, kada kuma a riƙa jifa da buhun, domin tsini yana karya tsini. Nagartattun a naɗe kowanne a takarda. Sauran da kilo ake sayar da su. Idan waje za ka fitar, dokar ma'adinai ta 2007 ta sa sai da lasisin saye da mallakar ma'adinai da kuma izinin fitarwa daga ma'aikatar ma'adinai ta tarayya. Ka nemi takardun kafin kaya su isa tashar jirgi.

Wanki kuma da ruwa ake farawa. Jiƙa su kwana biyu, ka goge da burushi, ka shanya a inuwa laka ta tsage, ka sake jiƙawa. Tsatsar da ta ƙi fita ita ake sa wa asid ɗin okzalik, farin gari ne da ake samu wurin masu sayar da sinadarai. Giram 50 zuwa 100 a kowace lita ta ruwa, a bokitin roba mai murfi, ba na ƙarfe ba. Ruwa ake fara zubawa, sannan garin. Ka yi amfani da ruwan sama ko tataccen ruwa, domin ruwan rijiya mai alli yana haɗuwa da asid ɗin ya bar wani ɓawo a jikin dutse mai wuyar fita. Dafi ne: safar hannu ta roba, tabarau, a waje inda iska ke kaɗawa, nesa da yara da awaki. Ka fara gwadawa da guda biyu ko uku marasa kyau. Koren da ke kulle a ciki ba abin da zai same shi, amma wanda ke kwance a waje ko a bakin tsaga yana iya dusashewa. Duba kullum, yawanci kwana 3 zuwa 7 sun isa. Idan ruwan ya yi rawaya sosai ka sauya shi, in ba haka ba rawayar takan koma cikin tsagu. Bayan an tsame, a jiƙa su a ruwa mai tsabta na tsawon kwanakin da suka yi a asid ko fiye, ana sauya ruwan kullum. Tsohon ruwan asid kuma a zuba masa bekin soda, wato sodar girki, kaɗan-kaɗan har ya daina kumfa kafin a zubar, nesa da rijiya. Idan wani ya kawo maka asid ɗin da ake zana gilashi da shi ya ce ya fi sauri, kada ka karɓa: yana cin ƙanƙarar kanta, yana kuma ratsa fata ya kai ga ƙashi tun mutum bai ji zafi ba.